Kawu Sai-Anjima a Cikin Akwati

Tun ina ƙarama na san Baba da jita, na kuma san jitarsa da Kawu Sai-Anjima. Kawu ba ɗan'uwanmu ba ne, abokin kiɗan Baba ne, kuma da guminsa ya samo sunan nan. Bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Ko a cikin waƙa, Baba zai buga, sai jitar Kawu ta biyo baya tana jan ƙafa, ga tsirkiyarsa kullum da ɗan saura kafin ta daidaita. Shekara da shekaru suna kiɗa a wani gidan abinci duk yammacin Asabar, kuma duk Asabar Baba na dawowa gida da mita: "Mutumin nan zai kashe ni. Kunnensa na ado ne."

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, Baba ya ci gaba shi kaɗai. Kiɗa tsaf, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma daɗi. Rannan mai gidan abincin ta ja shi gefe ta ce, "Baba, kiɗan nan ya rame. In bai ciko ba, sai dai mu sa na'ura ta riƙa yi mana." Da na ji, na san sai na yi wani abu. Kujerar nan ta kusa da taga, inda yake zama ya yi kiɗa, ita kaɗai ta rage da ke sa Baba ya yi aski ya fita daga gida.

Na ja shi shagon kayan kiɗa. Mai shagon ya ajiye mana wani baƙin akwati mai faɗi a ƙasa, ya ce sunansa feda. Ana jona shi tsakanin jita da lasifika, yana da maɓallan da ake takawa da ƙafa, kowanne da irin yadda yake sauya sauti.

"Ni da hannu nake kiɗa," in ji Baba. "Ba keken ɗinki na zo saya ba."

Duk da haka muka taho da shi, kuma gidanmu ya ga ta kansa. Baba sai ya cire takalmi kafin ya taka abin, wai kada ya ji masa ciwo. Ya taka wannan, jita ta yi kamar ana buga ta a cikin rijiya. Ya taka wancan, ta hau kuka tana lilo, har maƙwabcinmu ya leƙo yana tambaya ko injin ruwanmu ne ya lalace. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Malam, jitar ce ba lafiya, ko kai ne?" Baba ya naɗe wayar akwatin, ya ce gobe a mayar wa mai kaya kayansa.

A shagon, mutumin ya roƙe shi ya gwada maɓalli guda ɗaya tak, wanda suke kira koras.

"Shi kuma wace tsiyar yake yi?" Baba ya tambaya.

"Kwafar sautinka yake yi, Baba, ya sake shi a bayanka da ɗan jinkiri, ya kuma ɗan karkatar da shi. Sai a ji kamar jita biyu."

Baba ya juyo. "Ka ce makara yake yi?"

"Kaɗan."

"Kuma ba ya zuwa daidai?"

"Da gangan aka yi shi haka. In suka zo daidai, kunne guda ɗaya zai ji. Saɓanin ne ke cika kiɗan."

Baba ya kalli akwatin ya ce, "Wato mutane suka zauna da hankalinsu, suka ƙera Sai-Anjima." Ya cire takalmi ya taka, ya buga, sannan ya nuna ɗan abin da ake murɗawa. "Ƙara masa makarar." Mai shago ya ƙara. "Ƙara dai."

"Baba, ya yi yawa fa. Za a ɗauka kuskure ne."

"Ba ka san shi ba ne, ɗana. Ƙara."

Ranar Asabar na biya na ɗauko Inna, matar Kawu, muka zauna kusa da taga. Baba ya taka fedarsa da safa, ya soma. Kiɗa ya cika ɗakin, jita ɗaya a gaba, ɗaya a baya tana jan ƙafa. Cokula suka tsaya. Mai gidan abincin ta jingina da ƙofar kicin tana kaɗa kai, ta aika masa da shayi tun bai tambaya ba, daga nan na san kujerarsa ta tsira.

Inna ta dafa hannuna. "'Yata, wa ke ɓata masa kiɗa haka kamar mijina?"

Waƙar ta ƙare, Baba ya juya hagu, inda Kawu ya saba zama, yanzu babu kowa, ya harari iska.

"Ka makara," ya ce.

Inna ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ni ma kuka nake yi, ban ɓoye ba.

A hanyar gida na ce ya kawo in riƙe masa akwatin. Ya ƙi. Ya ƙanƙame shi a ƙirji, yana tafe yana yi wa akwatin mita cewa kunnensa na ado ne.