Jan Gashin Ndifon

Daren da aka kwana bakwai da binne yayansa, Keming ya ji kukan. Kau, kau, kau, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa busasshen gora. Ya tashi zaune. Kukan tsuntsun fen ne, ba ko shakka, to amma fen ba ya kuka da dare, kuma ba ya saukowa daga dutse.

Ni dai abin da ke ba ni mamaki da tsuntsaye shi ne, babu wanda ya kafa musu shinge, amma kowanne ya san iyakarsa. Aku yana can kurmin kudu mai zafi, ba ya hawowa duwatsun Oku. Gauraka tana fadamun arewa. Shi kuwa fen, koren nan mai jan tukku da ja a fiffike, duk duniya a kurmin kan duwatsun nan kawai yake, sama da gonar dankali ta ƙarshe, inda hazo ke kwana. Keming ya shekara hamsin yana ɗora amya a can, bai taɓa ganin ko ɗaya ya ƙetaro rafi ba.

A ƙauyensu, wanda ya yi abin bajinta akan soka masa jan gashin fen a hula. Yayansa Ndifon ya samu nasa shekarar da ya tare gobarar kurmi. In mai gashi ya mutu, ƙaninsa ke mayar da shi kurmi a kwana na uku, don an ce aro ne, kuma gashi da wanda ya saka shi tare suke komawa. Keming ya hau dutse, ya dawo ya ce ya mayar. Alhali gashin yana cikin ɗan gora a rufin ɗakinsa. Duk rayuwarsa "ƙanin Ndifon" ake ce masa. Sau ɗaya tak ya soka shi a hula, ya leƙa fuskarsa a ƙwaryar ruwa, ya cire.

Da safe maƙwabcinsa Chiateh, tsaransa, ya leƙo yana tauna goro.

"Tsoho, jiya ka ji abin da na ji?"

"Bammi ka ji a kanka."

"Ni da kai wa ya fi sha? Daga bakin kurmi yake. Yau shekara nawa, ka taɓa jin fen da dare?"

Keming ya ci gaba da tace zumarsa, bai ɗago ba.

Dare na biyu kukan ya fito daga bakin rafi. Na uku, daga itacen goron da ke bayan ɗakinsa, kusa har yana jin motsin ganye. Matarsa Yensi ta ajiye masa tuwon masara da safe, ta tsaya a kansa.

"Maigida, da gaske ka mayar?"

Bai taɓa tuwon ba. Ya zaro ɗan goran, ya kama hanyar dutse.

Kurmin ya yi tsit. Amyoyinsa ma ba ƙudan da ke shiga ko fita. A da, kafin ya kai nan, ja ya gilma masa sau goma tsakanin rassa. Yau ko ɗaya. Ya sami itacen da kakanni ke ajiye gashi a ciki, ya cusa gashin a kogonsa, ya toshe da gansakuka.

"Yaya, ga kayanka nan," ya ce. "Sau ɗaya ne kawai. Ko ƙofa ban fita da shi ba."

Hazo ya ci gaba da ɗiga daga ganye. Ya sauko da sauƙin zuciya, har yana jin yunwa.

Da ya iso, mutane sun cika ƙofar gidansa, kowa ya ɗaga kai. A kan rufin ɗakinsa fen ne jere, tun daga wannan kusurwa har waccan, da rana tsaka, ba mai motsi. Da ya shigo, duk tsuntsayen suka juyo da kai wuri guda.

"Na mayar!" Keming ya ce da ƙarfi. "Yanzun nan, da hannuna. Ku je ku duba!"

Yensi ta dube shi, ta rufe baki da zane. Mutane suka ja da baya, suka bar masa fili. Chiateh ne ya matso, goron ya tsaya masa a kumatu, idonsa ba a fuskar abokinsa yake ba, a samanta kaɗan.

"To, tsoho, in ka mayar, wannan da ke soke a hularka na wane ne?"