Ranar da Kalilu Ya Dawo

Kalilu ya sauke kwalin daga kafaɗarsa a gaban teburin jami'in kwastan, ya tsaya yana mayar da numfashi. Tun daga Maraɗi ake tambayarsa abin da ke ciki, a Ɗan Isa ma sai da jandarmomi suka sa shi ya kwance igiyar. A nan Magamar Jibiya kuwa jami'in, wani dogo da aka rubuta Luka a ƙirjin rigarsa, leƙawa kawai ya yi, ya ga ƙaramin injin ban ruwa, ya tambaye shi ko na sayarwa ne. Kalilu ya ce tsaraba ce, ƙanensa Rabe yana da fadama a Tungar Kanya, can ta wajen Bugaje.

Jami'in ya ɗago ya dube shi kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Kalilu ya ce shekarun sun haura ashirin, yana Sabha ta ƙasar Libiya yana aikin gonar dabino. Luka ya taya shi ɗaure kwalin da hannunsa, ya ce, "Barka da zuwa, Baba. Allah ya sa ka tarar da alheri."

Lokacin da ya fita ta wannan hanya, "kai saurayi" ake ce masa.

Ya daɗe yana raya wa ransa cewa ranar da ƙafarsa ta taka ƙasar Najeriya sai ya kai goshinsa ƙasa. Amma bai ma san sadda ya tsallako ba. Manyan motoci ne jere a gefen titi, 'yan acaɓa suna ratsa mutane da jarkoki, zafin bazara yana dukan kwalta. Ya tsaya a inuwar wata tirela yana duba fuskoki, yana neman Rabe, wanda ya bari yana yaro, bai san girmansa ba sai a hoton waya.

"Yaya."

Wata mace ce a bayansa, sanye da hijabin da rana ta cinye launinsa. Sai da ta sake kiransa sannan ya gane Salmatu, ƙanwarsa. Ya bar ta budurwa mai kumatu, yanzu ga ta kamar an tsaga kara da mahaifiyarsu. Ta durƙusa a gefen titi ta gaishe shi, tana kuka ba sauti. Ya ce ta tashi mutane na kallo. Ya tambayi Inna, ta ce tana nan. Ya tambayi Rabe, ta sunkuya ta ɗauki jakarsa, ta ce su samu abin hawa tukuna.

Ya nufi inda yake jin ana kiran fasinja, ya tambayi wani ɗan kamasho motar Bugaje, ya ƙara da cewa Tungar Kanya za su wuce. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi Salmatu, ya juya ya ci gaba da kiran 'yan Katsina.

Salmatu ta ja shi zuwa rumfar wani mai shayi da ya tafi sallah. Suka zauna a kan benci, kwalin yana tsakaninsu. A nan ta gaya masa, idonta a ƙasa, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai ba da labarin wasu mutane dabam.

Damina biyu ke nan babu kowa a Tungar Kanya. 'Yan bindiga sun fara da kore shanu, suka koma ɗaukar mutane a gona. Rabe ya ƙi barin fadamarsa saboda albasa ta kusa isa cira. A can suka same shi da hantsi. Bayan an binne shi gari ya watse, wasu suka tsallaka Nijar, wasu suka shigo Jibiya. Matarsa ta tafi da yaransa wajen iyayenta a ƙasar Madarumfa. Ita Salmatu da mijinta, wanda yanzu yake dako a nan bakin iyaka, sun kama ɗaki a bayan kasuwa, Inna tana tare da su.

Kalilu ya yi salati. Yana tuna duk sadda ya kira waya ya ce a ba shi Rabe: yana gona, ya tafi kasuwar Batsari, babu sabis a ƙauye. Shi kuma ya yarda, har ya riƙa yi masa tsiya ta bakin Salmatu, wai ya zama babban manomi ba a samunsa. Ya dubi kwalin da ya ratso hamada da shi, yana rungume da shi a bayan mota don kada yashi ya shiga ciki.

"Shekara biyu, Salmatu," ya ce. "Shekara biyu ina aika gaisuwa ga wanda ke cikin kabari, kina ce mini yana amsawa."

Ta ce Inna ce ta hana. Wai wanda ke nesa ba a ɗora masa kayan da babu mai taya shi saukewa, kuma in ya ji zai taso ba shiri, hanyar hamada ta cinye shi, ta rasa biyu. Kalilu ya ce ko addu'a ai da ya yi masa. Ya ce ƙarya ƙarya ce ko da wace niyya aka yi ta. Salmatu ba ta musa ba. Ta share fuska da gefen hijabi, ta ce akwai sauran magana.

Inna ba ta san an ƙone garin ba. Sun fito da ita tun gidaje na tsaye, daga baya aka sa wuta, aka kwashe kwanon rufi, rumbuna suka zama toka. Idonta ya yi rauni, ba ta fita, a saninta komai na nan yadda ta bar shi. Kullum maganarta a mayar da ita ɗakinta. Salmatu ta ce mata sai bayan damina, ta ce sai bayan kaka, da dabara ta ƙare sai ta ce sai Yaya ya dawo. Tun daga ranar Inna ta daina tambaya, ta koma jira.

"Ga shi ka dawo," in ji Salmatu. "Don Allah, Yaya, kada ka gaya mata."

Ya ce shi ba zai iya abin da suka yi masa ba. Ya ɗauki kwalinsa.

Suka shiga keke Napep. Yana kallon Jibiya tana wucewa, garin da ya sani da kasuwar Lahadi kawai, yanzu ya cika ya batse. A wani kango da ba a gama ginawa ba ya ga mata sun kafa murhu, an rataye buhuna a madadin ƙofa. Ya ga wani tsoho zaune a gindin bango, ya yi kama da mai unguwarsu, bai tambaya ba.

Gidan na haya ne, ɗakuna jere, tsakar gida ƙunci. Salmatu ta ɗaga labule ta yi sallama. Inna tana zaune a kan tabarma, ta jingina da wani ƙullin kaya da aka ɗaure da tsohon zane. Ta ƙanƙance ƙwarai, har ya ji tsoron ƙarar muryarsa. Ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, na same ku lafiya?"

Ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma tsufa bai sa ta sake ba. Ta juya fuska wajen bango, ta ce wa Salmatu ta ba baƙo ruwa, ya sha hanya. Amma hannunta ya fito daga cikin mayafi yana lalube a kan tabarma har ya samu gefen rigarsa, ya riƙe.

Ya yi mata gaisuwar rasuwar Rabe. Ta ce sai haƙuri, mai abu ya karɓi abinsa. Sannan ta tambayi Salmatu ko mutumin Libiya ya yi furfura, don muryar ta koma irin ta ubansa. Salmatu ta ce ya yi. Inna ta yi 'yar dariya, hawaye na bin tamojin fuskarta.

Daga nan ta shiga lissafa masa gida, duk ta bakin Salmatu. A gaya masa ɗakinsa na nan, Rabe ya yi masa sabon yaɓe kafin ya rasu. Akwai gero a rumbun yamma, in ɓera bai gama da shi ba za a samu iri. Kanyar ƙofar gida tana buƙatar sassabe. Ta ce ita ba ta son ta mutu a gidan haya, inda ko maƙwabta ba su san sunan mijinta ba, tana so a sa ta kusa da ɗanta.

Sai ta yi abin da bai taɓa gani ba. Ta juyo da fuskarta gare shi kai tsaye, idanun da suka yi fari suna neman inda yake.

"Na ji iska ta sake, ruwa shina kusa," ta ce. "Yaushe za mu tahi?"

Salmatu tana tsaye da kofin ruwa, ba ta motsa ba. Kalilu ya buɗe baki. Ya dubi yatsun da suka riƙe rigarsa, sirara kamar tsinke.

"Bari in huta gajiya tukuna, Inna," ya ce. "Sai in je in fara duba rufin."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce gaskiya ne, tafiyar da nisa. Ta saki rigar, ta koma ta jingina, ta ce wa Salmatu kada a kwance mata kayan nan, a bar su a ɗaure.

Salmatu ta miƙa masa ruwan. Ya karɓa da hannu biyu, bai yarda sun haɗa ido ba.