Almakashi Ya Yanke Ciwon

Almakashi ake ce masa a gidan rediyon, tun zamanin da ake yanka tef da reza a liƙe. Yanzu kwamfuta ce, amma sunan ya ƙi barinsa. Aikinsa ɗaya ne: a ɗauki magana, shi ya zauna ya gyara. Tari, atishawa, ƙarar kujera, "eh, to, wato, ka gane," duk ya kwashe, ya haɗe bakin maganar yadda ko mai ita ba zai gane inda aka taɓa ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Akwai manyan mutane da ake yaba musu iya magana, alhali shi ya san da hannunsa ya ɗinka musu ita.

Ranar Talata aka kawo baƙo a shirin lafiya. Mai gyaran waya ne, zai yi shekara arba'in, matarsa na biye da shi. Tun a bakin ƙofa ya fizge wuya gefe kamar an mare shi, ya yi haushi sau biyu irin na kare, ya dubi mai gadi ya ce, "Ɓarawo!" Sai kuma ya kama hannun mai gadin da hannu bibbiyu yana ba shi haƙuri.

Matar ce ta yi wa Almakashi bayani a tsaye, cikin sauri, kamar wadda ta gaji da maimaitawa. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, tun yana yaro. Kalma ce take fizgowa ta fito, ba da saninsa ba, kuma ba ta zaɓar mai daɗi. Satin da ya wuce mahaifiyar ciyaman ɗin layinsu na masu waya ta kawo wayarta gyara, bakin ya kuɓuce, ya ɗura wa tsohuwa ashar a gaban mutane. 'Yan layin za su zauna ranar Asabar da ƙarfe goma a kan ko a kore shi daga shagonsa. Ciyaman ya ce kullum ciwo ne, ciwo ne, to a kawo shaida. Shi ya sa likitarsa ta ce su zo rediyo, kowa ya ji da kunnensa.

Kafin a shiga ɗakin ɗaukar sauti, Mai Gyara ya ja Almakashi gefe.

"Oga, 'ya'yana mata biyu suna makaranta. Abin da bakin nan zai zubar a ciki, don Allah kada ya fita."

"Wannan ai shi ne aikina," in ji Almakashi. "Ka saki jikinka."

Ta bayan gilashi ya zauna yana kallonsu, abin ji a kunne. Mai gabatarwa a tsakiya, Mai Gyara a hagu, Likita a dama, sandarta jingine da teburi, don ƙafarta ɗaya ba ta taku sosai. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, Almakashi bai riƙe ba. Mai Gyara kuwa ya iya bayani. Ya ce abin kamar atishawa ne, kana jin zuwanta, kana dannewa, ƙarshe sai ta fi ƙarfinka. Ya ce idan ya sunkuya a kan waya da ƙarfen narka dalma a hannu, shiru yake yi, hannunsa ko rawa ba ya yi. Amma tsakanin kowace magana biyu sai haushi, sai fito, sai ashar, sai "ku yi haƙuri." Can wajen tsakiya ya juya ya dubi Likita.

"Gurguwa! Gurguwa! Yi haƙuri, Likita. Gurguwa!"

Likita ta yi shiru kamar na numfashi biyu. Almakashi ya ga yatsunta sun matse biro. Sannan ta ci gaba da bayaninta daga inda ta tsaya.

Yinin Laraba a kan shirin ya ƙare. Wuri arba'in da uku ya yanka. Ya cire ashar, ya cire haushi, ya cire fito. Da ya ga ban haƙurin ya tsaya shi kaɗai ba dalili, shi ma ya cire. Har shirun Likita ya ɗinke. Da ya saurara daga farko, sai ya ji Mai Gyara yana zuba magana sumul kamar mai karanta labarai. Ya kira mai gabatarwa ya ce, "Zo ka nemo mini inda na taɓa." Mai gabatarwa ya saurara ya kasa. Almakashi ya tafi gida yana jin bai taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Aka sa shirin ranar Alhamis da la'asar. Maimaici sai Asabar, ƙarfe tara na safe.

Juma'a da safe ya tarar da matar Mai Gyara a kan bencin baƙi. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Malam, ina ciwon?"

"Wane ciwo?"

"Ciwon mijina! Ina ka kai shi?"

Ashe 'yan layin sun taru a shagon ciyaman sun kunna rediyo. Rabin awa suna jira su ji ciwo, ba su ji ba. Likita tana ta lissafa alamomi, mutumin da ke gefenta kuwa lafiyarsa ƙalau. Ciyaman ya kashe rediyon ya ce ashe in ya ga manya yana iya riƙe bakinsa, su ne ya raina, har da uwarsa.

"To ai shi ya ce in cire," in ji Almakashi.

"Ya ce ka cire zagi. Ya ce ka warkar da shi ne?"

Shi Almakashi a saninsa, aiki in ya ɓaci, ana jin inda ya ɓaci. Wannan kuwa ba inda ya ɓaci, kuma ga mace a gabansa tana share hawaye da bakin mayafi.

Ya hau sama wurin manaja. Manaja na ta faman goge tabarau, bai ɗago ba sai da ya gama ji.

"Kalma ɗaya ta irin wannan ta fita a tashata, ni da kai za mu je mu amsa tambaya. Kuma tara na safen Asabar, yara duk suna gida."

"To in bar shi yadda yake, ranka ya daɗe?"

"Ni ban ce ba. Mutum ya shigo gidanmu, mun sa an kore shi daga sana'arsa? Ka san abin da za a ce?"

"To in mayar?"

"Ka ji na ce ka mayar?"

"To me ka ce?"

"Almakashi, shekararka nawa a nan? Ka yi abin da ya dace mana."

Ya sauko bai san abin da ya dace ba. Ya kira Likita.

"Mayar da komai," ta ce, ba ta ko tsaya tunani ba. "Abin da ka cire shi ne ciwon. Kamar ka ɗauki hoton ƙashi ne ka goge karayar, sannan ka nuna wa mutane."

Ya ce to. Bai kai ga zama ba wayar ta sake ƙara. Ita ce.

"Malam, kalmar nan da ya faɗa mini."

"Na'am."

"Shirin nan ba ya wuce mahaifiyata. Da ɗalibaina."

"In cire ta ke nan?"

"Ni na rubuta da hannuna a katinsa cewa ba da nufi yake yi ba. Na sani sarai. Amma dai ta shige ni. Ban sani ba. Ka duba ka gani." Ta kashe.

Ya kira Mai Gyara, ko shi zai raba gardama. A bayansa ana jin hayaniyar layi.

"Oga, in ka mayar, 'yan ajin 'ya'yana za su yi ta yi musu haushi har su gama makaranta. Shege! Yi haƙuri. In ka bari, gobe ba ni da shago. Ni dai na kawo maka kaina, kai ne mai aikin."

Kowa ya ce shi ne mai aikin. Ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya buɗe ainihin abin da aka ɗauka, ya jera shi da wanda ya gyara. Ya fara mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Haushin ya koma. Fiton ya koma. Ban haƙurin ya koma, shirun Likita ma ya koma. Saura kalmomin. Akwai wata ƙara da ake ɗorawa a kan zagi, ƙiii, wadda shi bai taɓa sawa a aikinsa ba, don a ganinsa ragwaye ne suke fakewa da ita. Ya nemo ta da ƙyar a cikin kwamfutar. Wuri goma sha tara ya ɗora ta. A kan kalmar Likita ya daɗe. Ya sa, ya cire, ya saurara, ya sake sawa. Da ya ji shirin gaba ɗaya, kunya ta kama shi. Ko ɗan koyo ba zai miƙa irin wannan ba. Haka ya miƙa.

Asabar shirin na ƙarewa ya hau babur ya nufi layin masu waya. Ba wanda ya gayyace shi. Sun taru a ƙarƙashin rumfar ciyaman, mutum wajen talatin, wasu a kan benci, wasu a jingine da gilashin shaguna. Mai Gyara na zaune a gefe, ya cusa hannuwa tsakanin gwiwoyi, yana cije leɓe, wuyansa na fizga. Rediyon na kan teburi, an kashe.

"Ni abin da ban gane ba," wani mai sayar da caja yake cewa, "Alhamis lafiyayye, Asabar majinyaci. Shiri ɗaya, mutum ɗaya. Wanne za mu ɗauka?"

"Ni kuma ƙiii ɗin nan," in ji wani. "Me ke ƙarƙashinta? Wa ya sani ko mu ya zaga ɗaya bayan ɗaya?"

"Kai dai ko an cire ƙiii, sunanka na ciki," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya.

Almakashi ya matso ya yi sallama, ya ce shi ne ya yi aikin duka biyun. Na Alhamis shi ya yanke, na yau shi ne gaskiya.

Ciyaman ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ka cire haushin ranar Alhamis?"

"Ni ne."

"Ba a ji alama ba."

"Ba a ji ba," in ji Almakashi, har da ɗan ɗaga kai, kafin ya gane inda aka nufa.

"To Malam, wanda ya iya cirewa ba a ji ba, ai ya iya sawa ba a ji ba."

"Haba Ciyaman! Ga shi nan a gabanku yana yi!"

"A gabanmu kullum yana yi. A gaban Likita muke tambaya."

Mai sayar da caja ya ce, "Tsaya ma tukuna. Duk abin da muke ji a rediyonku haka kuke yi masa?"

Gardama ta ɓarke. Wasu suka ce ciwo ne, sun ji yadda yake ba da haƙuri, mai iskanci ba ya haka. Wasu suka ce ciwo ko ba ciwo ba, masu kawo gyara suna gudun bakin layin, kuma tsohuwa har yau ba ta sake fitowa ba. Aka yi ta yi har rana ta take. Ƙarshe ciyaman ya buga teburi. Ba za a kore shi daga layi ba. Amma zai bar shagon bakin hanya, ya koma na ƙarshe, can baya kusa da janareta, inda ƙara za ta rufe bakinsa.

Mutane suka watse. Almakashi ya bi Mai Gyara shagonsa. Matar ta riga ta fara zuba wayoyin mutane a kwali, kowace da takardarta ɗaure da roba. Bai san ko barka zai yi musu ko jaje ba. Ya ɗauki fitilar teburi ya riƙe, don dai hannunsa ya samu abin yi.

"Wa zai zagaya har can baya ya kawo gyara?" matar ta ce, ba da kowa take ba.

Mai Gyara ya naɗe wayar ƙarfen dalmarsa a hankali. Ya ɗago ya dubi Almakashi.

"Sakarai," ya ce.

"Ba komai," in ji Almakashi da sauri. "Na san ciwon ne."

"A'a. Wannan ni na faɗa." Ya tura masa kwali da ƙafa. "Ɗauki wancan gefen. Ka bi a hankali, gilasai ne a ciki."