Tsumman goge burushi

Duk wanda ya san mai zanen nan ya san abu ɗaya game da shi: ba a yi masa gardama a kan launi. Ya ce kore ya yi tsami, to ya yi tsami, ko da kai ka haɗa shi da hannunka. Abokan sana'a suna kawo masa aikinsu ya duba, yana ɗaga gira su koma gida su sake. A gidansa ma haka abin yake. Matarsa marina ce, tana rina yadi ta yayyanka ta ɗinke shi ya zama hoto na rataye a bango. Shekarun baya ya soma ce mata shuɗinta ya mutu, ya koma kamar ruwan wanki. Ta ƙara sinadari, ta canza yadi, ta canza mai sayar mata da garin rini, shi dai maganarsa ɗaya. Ranar da ta gaji ta kife bahunan rinin, ta yayyaga aikinta na ƙarshe ta zuba masa a kwandon tsumma. Bai hana ta ba, don a ganinsa gaskiya ya faɗa mata.

Sai yanar ido ta soma rufe masa gani. Likita ya yi aikin idon dama, ya ce na hagu sai wannan ya warke. Da aka cire bandejin, ko zama bai yi ba ya nufi ɗakin zane, domin matar da ke da gidan baje kolin zane za ta zo da yamma ta kwashi sababbin zanukansa.

Yana tura ƙofa ya tsaya cak.

Shuɗi ne ko'ina, kuma irin mai ihun nan. Sararin sama shuɗi, inuwar bishiya shuɗiya, hatta kumatun tsohuwar da ya zana tana tankaɗe sun yi shunayya kamar an mare ta. Bai san waɗannan zanukan ba.

"Auta!" ya ƙwala wa 'yarsa kira. "Wa ya shigar mini ɗaki?"

Auta ta zo da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. "Baba, wa zai shiga? Makulli yana aljihunka har a gadon asibiti."

"To wa ya yi wannan ɓarnar?"

Ta kalli zanukan, ta kalle shi. "Ai haka suke tun da."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ta ce, "Rufe idon da aka yi wa aiki ka gani."

Ya rufe na dama. Nan take ɗakin ya yi rawaya-rawaya kamar an dube shi ta cikin kofin shayi, zanukan suka kwanta, suka koma daidai yadda ya san su. Ya buɗe, ihun ya dawo. Ya yi ta rufewa yana buɗewa kamar mai kashe wa bango ido. Ashe yanar ce take shanye masa shuɗi, shi kuwa yana ta loda shi a burushi don ya gan shi. Ya juya wajen Auta.

"Kuma duk kuna gani kuka yi shiru?"

"Baba, na taɓa cewa fuskar nan ta yi duhu. Ka ce in je in koyi bambanta ja da ruwan hoda tukuna."

Bai tuna ba, amma ya san bakinsa ne.

Da yamma mai gidan baje kolin ta iso da turarenta da surutunta. Ta tsaya gaban tsohuwa mai tankaɗe ta dafe ƙirji. "Kai, Malam! Wannan shuɗin naka ai shi ake magana a kai. Kowa cewa yake ka yi ƙarfin hali, ka bar tsohon salo ka fito da sabo."

"Ba salo ba ne, ciwo ne," ya ce. "Ba za su fita daga ɗakin nan ba sai na gyara."

"Ka gyara me? Don Allah kar ka taɓa mini su!"

Ta yi lallashi, ta yi magiya, ya kafe. Ta tafi a kan za ta dawo da safe, tana jan Auta gefe tana ce mata ta ɓoye masa burusai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yabon. A ce duk ƙwarewarsa ba a taɓa zuga shi haka ba sai da idonsa ya lalace!

Tana fita ya hau gyara. Ya haɗa ruwan ƙasa da ɗan rawaya ya shafa a kumatun tsohuwar. Idon dama ya ce ya yi, na hagu ya ce ya ƙone. Ya rage, suka sauya baki. Kafin ya ankara fuskar ta zama taɓo, tsohuwar da ya sha wahala a kanta ta tafi. Ya yi tsaki ya miƙa hannu cikin kwando ya jawo tsumma zai goge burushi.

Hannunsa ya tsaya a sama.

Tsumman duk dabbaren fenti ne, ya bushe ya yi tauri, amma a gefe ɗaya akwai wurin da fenti bai taɓa ba, faɗin tafin hannu. Shuɗi ne mai zurfi, ya fara da duhu ya yi ta sassautawa har ya kusa zama fari, ba tare da ka ga inda ya sauya ba. Tun da yake bai taɓa haɗa irinsa ba. Ya zazzage kwandon a ƙasa yana tonawa. Duk haka suke, kuma duk shi ya goge burushi da su.

Ya sami matarsa a filin bayan gidan tana ba shukokinta ruwa. A cikin bahunan rinin ta dasa su, ta huda gindin kowanne don ruwa ya riƙa fita. Ya miƙa mata ƙyallen.

"Maman Auta, wannan shuɗin..."

Ta dube shi sama-sama. "Wanda ya mutu?"

"Bai mutu ba. Idona ne." Ya dubi bahunan. "Zan sayo sababbin bahuna gobe. Ki koma rini."

Ta ajiye butar, ta buɗe masa hannuwanta. Da can ko an wanke su shuɗi ba ya barin faratan. Yanzu fes suke, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, biyu sun lanƙwashe.

"Da waɗannan zan matse yadi? Ko murfin kwalba Auta ke buɗe mini." Ba ta ɗaga murya ba. "Lokacin da nake iyawa, kullum sai na kalli shuɗin nan in ga yana da kyau. Sai in ce ai kai ne mai ido."

Ta karɓi ƙyallen, ta juya shi ta sami wurin da ya rage, ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar masa a hannu.

"Je ka goge burushinka kafin ya bushe."