Wurin da Kaset ɗin Ke Yankewa

"Wannan ba ita ba ce," in ji Baba Mai Walda. "Kashe."

Babban ɗansa, wanda unguwa ke kira Injiniya, bai kashe ba, sai ma ya ƙara murya. Yana tsugune gaban gadon, ya jona sabuwar na'ura a soket ɗin da ake jona fanka, ga wani baƙin kwali mai sheƙi a buɗe kan cinyarsa.

"Ita ce mana, Baba. Waƙar da kake so ce, sabunta ta suka yi. Sun wanke duk wani shuu da ƙarar banza. Dubi, faifai har da na ƙari, ga littafin hotunan mawaƙan, ga riga."

"Riga," Baba ya maimaita, yana kallon silin.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Tun ina rarrafe nake jin kiɗan nan na Turawa da maƙwabta suka laƙaba wa kiɗan ƙarfe: jita kamar ana saran kwano, ganga kamar tirela ta kwance, mawaƙi na ihu sai ka ce an taka masa wuya. A shagon wani Bature Baba ya koyi walda yana saurayi, can ya kwaso ciwon. Kaset ɗaya ya fi so, fari ne da ya koma ruwan ƙasa. Yanzu huhunsa ya gaji, likita ya ce a kai shi gida, kuma kowa ya san ma'anar hakan. Abu ɗaya ya roƙa, a sa masa kaset ɗinsa.

Sai ga Injiniya da kwali. Maƙwabta kuwa suka yi layi suna shafa shi. Matar mai kanti, wadda ta shekara tana tsine wa kiɗan, ita ce ke cewa, "Kai, yaron nan ya san darajar uba." Mutanenmu ke nan. In dai abu na ƙyalli, an gama tunani. Kamfani ya tono kiɗan da ya riga ya sayar tun kafin a haife mu, ya goge shi, ya cusa ragowar da mawaƙan da kansu suka zubar, ya sa a akwati, mu kuma mu tafa.

Na samu Auta, ƙanwar Injiniya, a tsakar gida tana wanke zanin gadon. Ita ke jinyar tun farko.

"Ina tsohon kaset ɗin?"

"Yaya ya yi shara jiya. Wai ɗakin ya yi kama da bola, baƙi na zuwa dubiya. Rakodar ma ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa."

"Ke kina ina?"

"Ina asibiti karɓo magani, Malam. Ko in rabu biyu ne?"

A buhun sharar da ke bakin ƙofa na same shi, ƙarƙashin tsofaffin batura da gilashin walda da ya tsage. Zaren ya fito ya tsinke. Injiniya ya tarar da ni zaune kan dakali, ina naɗe shi da biro.

"Malam, da ilimin naka kake tonon shara?"

"Kai da naka ilimin ka tambaye shi abin da yake so ya ji?"

"Waƙa ɗaya ce! Tawa ma ta fi fita tas."

"To shi tas ɗin ne ba ya so, Yaya," in ji Auta daga bayansa.

Ya yi tsaki ya shige. Auta ta kawo jan farcenta, muka haɗa bakin zaren muka liƙe, muka yi ta hurawa har ya bushe.

Saura abin kunna kaset ɗin. Duk layin babu mai rakoda, kowa ya ci gaba, wai. Sai wani tsohon direban tasi a ƙarshen layi, wanda motarsa ta girme ni.

"Wannan haukan zan sa a motata?" ya ce. "Sifika ɗaya gare ni, ita ma da addu'a take aiki." Amma ya ɗauko makulli.

Ya yi ta baya-baya a lungun har ya kawo motar dab da tagar Baba, ya buɗe ƙofofin duka. Rana ta take, yara da matan layi suka fito kallo. Kaset ya fara da shuu ɗin da kamfani ya yi alfaharin wankewa, sannan jita ta ɓarke. Na shiga ɗaki. Baba ya buɗe ido. Yatsunsa, masu tabon tartsatsi, suka fara bugun katifa.

"Ga shi nan, ai ɗaya ne," in ji Injiniya daga bakin ƙofa.

"Yi shiru," Baba ya ce. "Tana zuwa."

Ana tsakiyar kukan jita sai kiɗan ya yanke, ƙaf. Aka ji ƙarar maɓalli, da motsin kwanuka, sai muryar mace, kusa sosai, a fusace:

"Wai ina abin kashewar? Kai dai ba ka da tausayi. Ka rage mana masifar nan, yaro na barci!"

Wata murya daga nesa, ta Baba yana matashi, tana dariya: "Ba nan ba ne, maɓallin ɗaukar murya kika danna!"

Ƙaf. Jita ta dawo.

Auta ta toshe bakinta da zanin da ke hannunta. Tana goye aka binne uwarsu, ba ta taɓa sanin muryar wace ce ba sai da ta ga fuskar Baba. Yaron da ke barcin kuwa, wato Injiniya, yana tsaye a bakin ƙofa da littafin hotuna a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Ba ka taɓa faɗa ba," ya ce.

"Ba ka taɓa zama har wurin ba."

Baba ya ɗaga hannu da ƙyar, ya kama iska da yatsu biyu, ya murɗa hagu a hankali.

"Na rage," ya ce. Ba da mu yake ba.

Direba ya mayar da kaset ɗin baya ya sake sawa, ya sake, har liƙin jan farcen ya saki. Baba bai nemi a gyara ba. Washegari da hantsi Auta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ina ganin fuskarta na gane Baba ya cika.

Masu zuwa gaisuwa sun ci gaba da yaba kwalin, har wani ya tambaya ko za a sayar. Injiniya ya tafi bai ɗauke shi ba, kaset ɗin ya sa a aljihun gaba. Tagar ɗakin ta daɗe ba ta tsayuwa a buɗe, da sanda Baba ke tokare ta. Jiya na wuce na ga Auta ta tokare ta da baƙin kwalin, labule na shiga yana fita a kansa.