Fatun Ɗantani

Ni dai Allah ya haɗa ni da maƙwabci. Shekara tara ina gyaran keken ɗinki a Jakara, shekara taran nan Ɗantani baduku yana neman yadda zai fitar da ni daga rumfata ya zuba fatunsa a ciki. Ba don ni Kirista ba ne, kada in yi masa ƙage. Wurin kawai yake so. Yau ya ce man kekena ya ɗiga masa a kaya, gobe ya ce ƙarar gudumata ta kori masu ciniki. Har Gwaggo Hajo mai rumfunan ta gaji. Ta ce, "Irmiya, idan aka sake kawo min ƙararka, sai dai ka nemi wani wuri."

Na kai kukana wajen matata Rifkatu. Wai sai ce min ta yi, "Tsarkin nan ba a coci kaɗai ake yinsa ba, Baban Ladi. Ka yi wa mutumin nan adalci, za ka zauna lafiya." Ita da ba ta taɓa yin yini guda kusa da shi ba!

To, a layinmu duk Juma'a idan suka tafi masallaci ni suke bar wa tsaron kaya. Ran nan Ɗantani ya shanya fatu a ƙofar rumfarsa, jajaye sabon rini da kuma farare, ya wuce ko sallama bai yi min ba. Ana cikin huɗuba hadari ya haɗo, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gaskiya, da farko tsayawa na yi ina cewa Allah ya ƙara. Sai zuciyata ta ƙi. Na fita a guje, na kwashe su tas, na jibge su tsibi ɗaya a cikin rumfarsa, na rufe da leda. Na koma wurina sharkaf ina jin kaina wani mutumin kirki.

Ina na san ba a ɗora jiƙaƙƙiyar jar fata a kan fara? Ɗan kowane baduku ya san wannan, amma ni ƙarfe na sani.

Da aka sauko, Ilu ne ya fara isowa, wani dattijo ɗan dako da ke yi wa Ɗantani ɗauko. Ya ɗaga ledar yana dubawa ke nan sai ga mai kaya. Fararen nan duk ja ya zuba musu, dabbare-dabbare, ko ɗaya ba ta tsira ba.

"Innalillahi! Ilu, kai ka yi min wannan ɗanyen aiki?" Ɗantani ya cakumi wuyan rigarsa. "Daga yau ka gama dako a layin nan, ni na faɗa!"

Babu wanda ya gan ni ina kwashe fatun. Shiru kawai zan yi, rumfata ta zauna min. Na sunkuyar da kai ina ɗaure wani noti da tuni yake a ɗaure. Kai, ban taɓa jin haushin addinina irin na wannan lokaci ba.

"Malam Ɗantani, sake shi," na ce. "Ni ne. Ruwa na gudar maka, ban san haka rini yake ba."

Ya saki Ilu. Bai zage ni ba. Silifas ɗinsa ya gyara, ya miƙe sai gidan Gwaggo a Madabo. Kafin la'asar saƙo ya iso: ƙarshen wata in tashi.

Ranar tashi na kira mai kurar dako, na fara fito da kaya ni kaɗai. Teburin aikina ya gagare ni, na ja, na tura, ya ƙi ƙofa. Sai na ji an kama ɗaya gefen. Ɗantani ne.

"Karkata shi hagu," ya ce, bai ko kalle ni ba.

Muka ɗora shi a kan kura. Ya zaro makullin rumfarsa daga aljihu yana juya shi a hannu, sannan ya ce, "Yanzu ran Juma'a wa za mu bar wa kaya?"

Na so in faɗa masa baƙar magana, na tanade ta tun shekara tara. Na buɗe baki na nemi haushin nan sama da ƙasa, na rasa shi. Sai cewa na yi da mai kura mu tafi.