Ranar da Na Shigo Ba Ƙara

Shekara huɗu ke nan da Baba ya makance, amma babu jirgin da zai shigo tashar tsibirinmu bai faɗi mai shi ba. Kullum yana zaune kan katangar bakin ruwa, yana sauraron inji. Namu tun kafin ya zagayo tsaunin da ke bakin tashar yake gane shi. Shekara talatin yana kwance injin dizal ɗin nan yana ɗaurawa, yana kiran sa Tsohuwa.

Ni na cire ta. Zuba mai take yi cikin teku, hayaƙinta kuma ya hana baƙin da nake ɗauka zama a baya. Da hunturu na kai jirginmu birnin Split, aka saka injin lantarki da batir shida a inda tankin mai yake. Tsohuwa ta tafi wajen 'yan gwangwan. Baba kuwa na ce masa gyara aka kai ta. Kullum sai in ce gobe zan faɗa masa.

Ran da na dawo, iskar arewa ta fara tashi. Na naɗe filafilan, ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, na murɗa makunnin, jirgi ya sulale cikin tasha shiru. Na ɗaure igiya, na hau tudu. Baba na nan, fuskarsa ga teku, sandarsa a hannu. Abokinsa Špiro, mai ɗinkin komar kamun kifi, yana gefe.

"Špiro, Dujam bai shigo ba," in ji Baba, ni yake nufi. "Tun tsakar rana ya kamata. Ka ji iskar nan kuwa?"

Ina tsaye taku uku daga shi, bai san ina nan ba.

Špiro ya harare ni. "Kai tsoho, ga ɗanka nan ƙiƙam kamar turke. Ya koma tuƙa firji."

Baba bai yi dariya ba. "Ina Tsohuwa?"

"Na cire ta, Baba. Lantarki ne yanzu."

"Tun yaushe?"

"Tun Janairu."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Na yi zaton zancen injin zai yi.

"Awa uku ina ƙirga igiyar ruwa," ya ce. "Na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa uwarka."

"Ka yafe mini, Baba."

"Bar wannan. Jirginka ne. Amma tunda ka cire masa murya, sai ka ara masa taka."

Ni ba mai magana ba ne, kowa ya sani. Amma yanzu duk ran da na zagayo tsaunin, sai in miƙe a gaban jirgi, gaban baƙi da masunta, in kware baki: "Baba, ni ne!"

Špiro kan amsa da kukan jaki. Baba kuwa yakan ɗaga sandarsa sau ɗaya, ya juya ya nufi gida.